Da Wuya Yake Ji

Alhamis, 20 ga Yuni, 2024

Yau Zargaf ya juyo da kai ya dube ni. Tun da Kawu ya rasu ya bar mini raƙumin nan, bai taɓa yi mini irin wannan kallo ba.

Muna kan hanyar gona ne da hantsi, ina so in ga ko ruwan shekaranjiya ya jiƙa tudu. Ƙafata ta dama tana kan wuyansa kamar kullum. Na zo in lanƙwasa babban yatsa in ce masa ya ɗaga ƙafa, sai yatsan ya ƙi. Wani zafi ya taso daga gindinsa ya hau har ƙugu, na yi salati da ƙarfi. Salatin bai ji ba, tunda kurma ne tun haihuwa, kamar da yawa cikin irinsu masu dabbare-dabbare. Abin da ya ji shi ne yatsa ya yi masa wata magana da babu ita. Ya tsaya cik, ya lanƙwaso dogon wuyan nan har hancinsa ya kusa taɓa gwiwata, ya zuba mini idonsa mai ruwan bula. Wallahi sai da na ji kunya, kamar na yi ɓaranɓarama gaban suruki.

Da yatsa muke magana, ni da shi. Kawu ne ya hore shi a haka tun yana ƙarami, ni ma ya hore ni. Danna, a tafi. Tsunkule fata tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, a murɗa, gudu ke nan. Shafa ƙasa-ƙasa, a tsaya. Shafa a riƙe, ya gurfana. Sunansa ma bai taɓa ji ba, ni kaɗai ke wahalar kiransa.

Ciwon ba yau ya fara ba, na dai yi ta yi masa kunnen ƙashi. Matata Rakia ta ce naman layya ne na ci ba ƙaƙƙautawa.

Lahadi, 23 ga Yuni

Wani ƙullutu ya fito bisa gaɓar, da tauri kamar ƙwallon magarya. Rakia ta shafa man kaɗanya, ta ɗaure da tsumma. A zaman tahiya yatsan ba ya kafuwa a ƙasa, sai in kwantar da ƙafar in yi ta satar kallon na kusa da ni. Ba wanda ya kula, ni ne dai.

Asabar, 29 ga Yuni

Abin da nake gudu ya faru.

Na hau da safe, na ce zan lallaɓa. Muna daidai gonar Ashiru maƙwabcina, geronsa ya fito tsaf, sai Zargaf ya ɗan yi tuntuɓe, ƙafata ta zame, sandararren yatsan ya soke shi a wuya. A wurinsa wannan umarni ne. Ya zabura ya faɗa cikin shuka, ina jan akala ina ihun da ba ya ji. Abin da zai tsayar da shi yatsa ne ya kwanta ya shafa, yatsan kuwa ya zama itace. Matar Ashiru na duƙe a tsakiyar gonar tana cike gurbin shukar da ba ta fito ba. Allah ne kawai ya sa ta ɗago. Ya wuce ta har iskarsa ta kaɗa mata zane, bai tsaya ba sai bakin fadama.

Ashiru bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Cewa kawai ya yi, "Mushe, ba hatsin nika ji ba. In da ya taka ta fa?" Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan, daga Faransanci.

A gida Rakia ba ta ko bari na sha ruwa ba. "Malam, raƙumin ga ba ya jin kowa sai yatsanka, yatsan kuwa ya mutu. Mi muka jira? Sai ya kashe wani?" Ta kira ɗanmu Anas a Abijan ta miƙo mini waya. Shi kuma daga can bakin teku, inda bai ga komai ba, wai a sayar a saya mini moto, wato babur. Na ce wa zai sayi tsohon raƙumi kurma? Mahauta ne kaɗai, dukanmu mun sani, ba wanda ya iya faɗa.

Na yi alkawarin zuwa likita. Na samu da wannan suka ƙyale ni.

Talata, 2 ga Yuli, Tawa

Yau na ga cikin ƙafata. Har yanzu ban dawo daidai ba.

Lokotoron, wato likitar, mace ce, sa'ar 'yata. Ta kama yatsan ta tura sama, na kusa tashi daga kujera. Ta aika aka ɗibi jini, aka yi hoton ƙafa biyu. Da ta ɗaga hoton a hasken taga, sai na manta da ciwo. Ƙasusuwa farare tas, ƙanana da manya, kowanne zaune a gurbinsa, kamar an jera su da hannu. Shekara sittin da 'yan kai ina taka su cikin ƙaya da duwatsun Adar, ban taɓa ce musu sannu ba. Subhanallahi. Har wasu 'yan mitsi-mitsi biyu ƙarƙashin gaɓar, kamar ƙwayar wake, ta ce su ma da aikinsu.

Ta ce, "Baba, dibi nan. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai guringuntsi, shi ka hana su gugar juna. Ga hilinshi nan a hagu. A dama ya cinye." Na duba, haka ne kuwa, na dama sun haɗe baki. Ƙullutun nan kuma ashe ƙashi ne ya tsiro, wai da ya ji ana gugarsa sai ya yi wa kansa shinge don gaɓar ta daina motsi. Wato jiki ya ga ɓarna ya tashi gyara, bai ko shawarce ni ba. Ta ce duk takun da mutum zai yi, kafin ƙafa ta bar ƙasa, nauyinsa kaf kan 'yar gaɓar nan yake bi. Na tuna tafiye-tafiyen da na yi ƙauye-ƙauye da allo da alli lokacin ina malamin yaƙi da jahilci, na ce lalle an ci amanar wannan abu.

Ba nama ba ne, jini ya wanke layya. Zan gaya wa Rakia da babbar murya.

Na tambaya ko yana komawa yadda yake. Ta ce a'a, ba ta yi kwana-kwana ba, kuma na ji daɗin haka. Amma ana zama da shi lafiya: takalmi mai ƙasa mai tauri wanda ba ya lanƙwasuwa, mai faɗin baki, ruwan ɗumi safe da yamma, a kama yatsan a ja shi a hankali, a motsa iya inda ya yarda, ban da dole, ƙwaya in ya tashi, bayan an ci abinci, ba kullum ba. In ya ƙi akwai allura. Can ƙarshe akwai aiki, a haɗe gaɓar ta daina ciwo, ta kuma daina motsi har abada.

Sai na ba ta labarin Zargaf. Ta ajiye abin rubutu, ta ce in nuna mata da hannu. Na nuna a kan teburinta, danna, tsunkule, murɗa. Ta daɗe tana kallo, ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ba. Daga nan ta ce, "Baba, wanga murɗawa da ka gwada min, ita ce daidai abin da gaɓar ba ta so."

Laraba, 3 ga Yuli

Kafin in shiga motar garinmu Barmu na biya wurin dukawa a kasuwa. Na yi wa wani bayani, ya yanka tayar mota ya yi wa takalmi ƙasa mai kauri, gabanta ya ɗan ɗaga kamar bakin kwalekwale. Mummuna ne, ba na musu. Amma da na taka, sai takalmin ya mirgina ya yi aikin da yatsa ke yi, yatsan na kwance a ciki yana hutawa. Na je tasha na dawo ba dalili, don kawai in sake ji.

Asabar, 13 ga Yuli

Wauta. In rubuta don kada in sake.

Ganin takalmin ya yi mini rana a ƙasa, sai na ce bari in hau da shi. Ni da na san ko yaron goye a arewa ya san takalmi a ƙahon sirdi ake rataye shi! Ina ɗora tayar nan a wuyan Zargaf ya saki wani gunji, ya ƙi tashi sam, ya juyo zai cafki ƙafar. Yini guda in na matso sai ya kau da kai. Da gaskiyarsa. Mutum ya saba ana yi masa magana, rana ɗaya a zo a toshe masa baki da taya.

Rakia na bakin zaure tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da ta yi magana ma da ya fi sauƙi.

Juma'a, 19 ga Yuli

Hadari tun safe. Yatsa ya riga kowa sani.

Litinin, 29 ga Yuli

Aghali ya zo, ɗan Kawu, taubashina. Zai bi raƙumansa arewa wajen gishiri, ya biyo ya ga gawa, in ji shi. Tun daga ƙofa yake kira, "Ina mushen? An ce mushe ya hwara ruɓa daga yatsa!" Tun ranar da aka fara ce mini Mushe don ina koyarwa ya samu abin yi, har yau bai gaji ba. Lokacin da Kawu ke horon Zargaf shi yana Libiya yana gadi, shi ya sa raƙumin ya faɗo hannuna. Nasa raƙuman duk da baki da bulala yake bi da su.

Ya duba ƙullutun, ya ce a kawo wuta da ƙarfe ya yi mini lalas, haka yake yi wa taguwa in gwiwarta ta kumbura. Na ce in ya matso da ƙarfen a goshinsa zan sa. Muka yi dariya har Rakia ta leƙo.

Da aka sha shayi sai maganar ta juya. Rakia ta roƙe shi ya tafi da Zargaf cikin garke. Ya girgiza kai. Kurma ba ya jin kira, in ya ɓace a daji ya ɓace, sai in ana hawansa kullum yana hannu. Ta ce to ya hau mana. Ya cire takalmi ya hau. Ya danna, ya tsikara, ya yi ta surutu da Tamashek, yarensu na Buzaye. Zargaf na gurfane yana tuƙa, ko kunne bai kaɗa ba. Da ya dame shi sai ya mirgina gefe, Aghali ya diro da rawani a hannu.

Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Har cikin raina na ji daɗi, alhali wannan ƙin da ya yi shi ne ke kai shi ga wuƙa.

An tsaya a kan kaka. In Aghali ya dawo daga arewa ban iya sarrafa shi ba, za a kai shi kasuwa. Ni na faɗa da bakina, don na gaji da idon Rakia.

Lahadi, 4 ga Agusta

Ƙafa cikin kwano, ruwan ɗumi, ina jan yatsa kamar mai tatsar akuya. Yana ɗan motsawa sama kaɗan, ƙasa kaɗan, da ƙara ƙus-ƙus a ciki. Kumburin ya sauka. Tafiya da takalmi lafiya lau, har ciyawa na yi jiya.

Ina zaune sai na tuna wani abu. Wani baƙo ya taɓa tambayar Kawu ko raƙumin na ji, Kawu ya ce da wuya yake ji. Baƙon ya ce Allah sarki. Kawu ya ce a'a, da wuya, ya nuna wuyansa. A baki kalmomin biyu ba su rikicewa, murya na raba su. A boko kuwa ga su nan iri ɗaya, na rubuta na duba. Shekaru ina koya wa manya rubutu ban taɓa lura ba, sai yau da duka biyun suka zama gaskiya.

Alhamis, 15 ga Agusta

Mun koma aji, ni da Zargaf. Nakan fita da shi fegi bayan gari inda ba shukar kowa.

Na fara da ƙafar hagu, tunda yatsanta lafiya. Bai karɓa ba. Hagu a wurinsa matashi ce kawai, ba ta taɓa magana ba, kuma ni ma ta ƙi mini, kamar rubutu da hagu. Sai na koma dama, na ɗaga yatsan sama na bar shi, na yi amfani da diddige da gefen ƙafa. Diddige, a tafi. Gefen ƙafa ya shafa, a tsaya. Kwana da kwanaki yana juyowa yana dubana. Yau da na danna diddige ya yi jim, kunnuwan nan marasa amfani suka miƙe, sai ya ɗaga ƙafa ya tafi. Na shafa, ya tsaya.

Na koyar da tsofaffi masu furfura, na san fuskar mutum ranar da baƙi ya fara yi masa magana. Ban taɓa zaton zan ji wannan a ƙarƙashin tafin ƙafata ba. Dabba, tsoho, kurma, ya gane cewa abokinsa ya samu matsalar baki, ya yarda ya koyi i'inarsa. Wa ya gaya masa? Na sauka na rungume wuyan, ya yi mini gyatsa mai wari a fuska.

Talata, 27 ga Agusta

Wani mahauci ya biyo wai gaisuwa. Yana gaishe ni idonsa na kan tozo. Har ya kai hannu ya taɓa cinya. Na ce in ya sake taɓawa zan sa a taɓa tasa. Ban san wa ya kai masa labari ba, Rakia ta rantse ba ita ba ce, na kuma yarda.

Asabar, 7 ga Satumba

Abin da ban gaya wa kowa ba: duk ranar da na hau, sai na yi kwana biyu ina ɗingishi. Tafiyar ba ita ce matsala ba. Tashin ne. In raƙumi zai miƙe sai ya jefa ka gaba ya jefa ka baya, dole ka tokare da ƙafa a wuya, nauyin kuwa kan yatsan yake sauka ko ka so ko ka ƙi. Shekaranjiya har ƙwalla.

Na koma Tawa. Lokotoron ta ga gaɓar ta yi ja, ta dube ni ta ce, "Baba, kana hawa." Ba tambaya ba ce. Ta yi mini allura a cikin gaɓar, ta ce za ta kwantar da shi wani lokaci, amma ba a yawaita ta. Ta ce ƙafar da zan yi salla da ita, in je gona da ita har ƙarshen raina, ita nake kashewa. Ba ta ce in daina ba. Ta ce ni ke da zaɓi, ta dai gaya mini abin da hoto ya nuna.

Ga kuma gudu. Wannan kalma ɗaya ta ɓace mana, diddige ba ya iya tsunkule. Damina ta yi kyau, ya ci ya ƙoshi, jikinsa na neman gudu. In mun fita fegi ina jin naman wuyansa na rawa yana jira, yana jira, ni kuwa shiru. Jiya ya tsinke dabaibayi, sai a bakin tabki aka same shi.

Laraba, 18 ga Satumba

Ban hau ba tun allurar. Yatsa shiru kamar ba shi. Zargaf na kallona ta saman danga.

Rakia ta kawo fura ta zauna kusa, abin da ba ta saba ba da rana. Ta ce, "Malam, ba ƙinshi nika yi ba. Shi ya kai ni likita ranar haihuwar auta, ban mance ba. Tsoro nika ji." Na ce na sani.

Lahadi, 29 ga Satumba

Aghali ya dawo daga arewa, ya yi baƙi ya rame, bakin dai na nan. An fara yankan gero. Wato lokaci ya yi.

Bai tayar da maganar ba, ni ma haka. Muna shayi ƙarƙashin bagaruwa sai na ji bakina ya ce, "Sauke rawaninka." Ya ce lafiya? Na ce juyo da ƙeya. Na ɗora babban yatsan hannuna a wuyansa, na danna. Na ce wannan tafi ke nan, kuma ba a nan kake dannawa ba, kai ka yi sama da yawa ran nan, wurin na ƙasa inda gashi ya yi gajere. Na shafa. Na tsunkule na murɗa, ya yi tsalle ya zubar da shayi. "Kai Mushe, haka kaka yi mishi shekara da shekaru bai kashe ka ba?"

Mata suka taru a bakin danga suna dariya, tsoho na murɗe wuyan tsoho. Ban kula ba. Na sa ya yi mini a nawa wuyan da hannu, sannan ya yi da ƙafa a jikin reshe. Ɗalibi ne mai taurin kai, yatsansa na ihu inda ya kamata ya yi raɗa. Na ce masa raƙumin ba ya son a maimaita, faɗa sau ɗaya ka jira. Wannan ya fi ba shi wuya, mutumin da bai taɓa faɗar abu sau ɗaya ba tun da aka haife shi.

Ban san me ya sa na yi ba. Ban shirya ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Zargaf ya tashi da Aghali. Ya tafi, ya tsaya, ya gurfana. Na ce madalla. Abincin rana bai shiga ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bikin suna a zangon dangin Aghali, arewa da Barmu, aka yi tende. Ni na hau zuwa can, da diddige, sannu sannu, na ce ko yatsa zai fashe sai na shiga zangon iyayen uwata a bisa raƙumi.

Da la'asar mata suka zauna da'ira, suka ɗaure fata a bakin turmi suka fara kiɗa da tafi. Mahaya suka yi ta kewaya su cikin taku, ni ma na kewaya. Zargaf ba ya jin kiɗan, amma ina tsammanin yana jinsa ta ƙasa, don takunsa bai saɓa ba. Sai aka ja da baya can nesa don tsere. Naman wuyansa ya fara rawar nan. Na kai yatsa, na ɗora, na gwada lanƙwasawa. Ko rabi bai je ba.

Na shafa na riƙe, ya gurfana. Na sauka, na ciro takalmina daga ƙahon sirdi, na miƙa wa Aghali akala. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskata, ya rufe. Na taka na koma cikin tsofaffi na tsaya.

Daga nesa sai ƙura. Sannan suka fito. Ya Rabbi. Ashe ban taɓa ganin gudunsa ba. Duk shekarun nan abin da na sani ƙeyarsa ne da kunnuwa da iska a fuskata. Yau na ga wuyan ya miƙe ya kwanta kamar mashi, leɓe na kaɗawa, ƙafafun gefe ɗaya na tashi tare su sauka tare, farin jikinsa da baƙin suna shiga juna har ido ya kasa raba su. Wannan ƙaton abu, kuma ba ka jin saukar ƙafarsa a rairayi. Tsoho a cikin samari, bai zo na fari ba, bai kuma zo na baya ba. Mata suka saki guɗa. Wani dattijo kusa da ni ya ce na wane ne mai dabbaren can? Sai na ja rawani na rufe har ido.

Abin da ke ɗauke da ni ke nan ban sani ba. Na yi ta jin kaina gwani, ashe ni ɗan tsunkule ne kawai, sauran duk nasa ne da Wanda ya yi shi.

Da suka dawo Aghali ya shafa sau ɗaya, ya jira. Ya gurfana. Yana haki, kumfa a baki, idon nan a buɗe tar. Bai neme ni ba. In dabba na murna, to murna yake.

A amalanken jaki na dawo gida, ƙafa a miƙe bisa buhu.

Litinin, 21 ga Oktoba

Sun tafi da hantsi, Zargaf da Aghali. Aro ne. Sirdin ma aro, ba yadda za a yi a ba da raƙumi ba sirdinsa. Ban faɗi ranar maidowa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dai riƙe hannuna ya ce tanemmert, godiyarsu ta can, bai kira ni mushe ba. Na ce ya kula da tafin gaba na hagu in sun shiga duwatsu, kuma kada ya zo masa ta baya ba tare da ya gan shi ba. Ya ce ya ji. Na sake faɗa, ya sake cewa ya ji.

Na aika wa mahaucin nan ya daina zagayowa.

Na taka zuwa gona da ƙafa na ga ɗaurin dammuna, na dawo, yatsa bai ce komai ba. Ruwan ɗumi da yamma kamar kullum.

Rakia ta ce a cire turken Zargaf a gyara wurin, rumbu ɗaya ba zai ɗauke hatsin bana ba. Na ce a bari tukuna, ai aro ne. Da la'asar tana wajen daka na bi ta wurin, na girgiza shi na ji ya yi sako-sako, sai na cire na jingine bayan ɗaki. Don kada wani ya yi tuntuɓe ne kawai.